Lambar shasi ta ce 2008, mai mota ya ce 2010: wanne zan kama?

Maman Biyu:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sanin harkar mota ku haska mini kafin in saki kuɗina.

Akwai wata Toyota Camry ta hannu da nake son saya, mai silinda huɗu, ruwan toka. Mai ita ya ce 2010 ce, kuma gaskiya fuskarta ta 2010 ce, fitilun baya ma haka, domin na gwada da hotuna a intanet. An zaga da ni a ciki, ban ji wata ƙara ba, giya tana shiga lafiya. Har mun kusa daidaitawa sai ƙanina ya ce in ɗauki hoton lambar shasi in tura masa. Na leƙa ta gilashin gaba, ɓangaren direba, na ɗauka. Ta fara da 4T1BE46K, sai lamba ɗaya, sai 8U, sai lambobi shida na ƙarshe waɗanda ba zan rubuta a nan ba. Ƙanina ya ce wannan 8 ɗin 2008 take nufi. Da na buɗe ƙofar direba kuma sai na ga wata sitika a jikin ginshiƙi, an rubuta 10/07 a samanta. Yanzu ga 2010 a bakin mai mota, ga 2008 a bakin ƙanina, ga kuma 2007 a jikin ƙofa.

Da na yi wa mai motar magana ya ce lambar shasi ba ta nuna shekara, wai lissafin kamfani ne kawai, wai kuma motocin ƙarshen shekara haka suke fitowa a cakuɗe. Bai ɗaga murya ba, bai hana ni duba komai ba, shi ya sa na kasa gane ko shi ma haka aka sayar masa.

Abin da nake so in sani: shekarar motar nan nawa ce a gaskiya? In kuma an canza mata fuska ne, wannan kaɗai ya isa in fasa? Me kuma zan ƙara dubawa idan na koma? Ita ce za ta riƙa kai yara makaranta da ni wurin aiki, kuma na daɗe ina tara kuɗin nan. Na gode.

Tsohon Bakanike:

Wa alaikumus salam, Maman Biyu. Ƙaninki ya yi gaskiya, motar nan 2008 ce, kuma ba a wuri ɗaya lambar ta faɗi haka ba. Bari in warware miki yadda na karanta ta, don gobe ki iya karanta wata da kanki.

Lambar nan da ake kira VIN gurbi 17 gare ta, haruffa da lambobi a haɗe. Tun 1981 hukumar kula da lafiyar motoci a kan hanya ta Amurka, NHTSA, ta tilasta wannan tsari a kan duk motar da za a sayar a ƙasar. Kafin nan kowane kamfani yadda ya ga dama yake yi. Ba a sa I da O da Q a ciki, don kada a rikita su da 1 da 0. In kin ga O a takardar mota, wataƙila sifili ne wani ya kwafa ba daidai ba. In kuwa a jikin motar kika gan shi, ki miƙa wa mai ita mukullinsa ki tafi.

Gurbi uku na farko su ke faɗin ƙasa da kamfani. 1 da 4 da 5 Amurka ce, 2 Kanada, 3 Meziko, J Japan, K Koriya ta Kudu, L Sin, W Jamus. Taki ta fara da 4T1, wato Toyota ƙirar Amurka, U ɗin da ke gurbi na 11 kuma masana'antarsu ce ta Georgetown a jihar Kentucky. Wannan ya dace da Camry, babu matsala a nan. Da Corolla ce ta Kanada za ki ga 2T1, Honda ta Japan JHM, ta Amurka 1HG. Ina kawo wannan ne saboda masu sayarwa suna son cewa "wannan 'yar Japan ce" don su ƙara mata daraja, alhali harafin farko ya riga ya gama maganar.

Gurbi na 10 shi ne shekara. Daga 2001 zuwa 2009 lambobi aka yi amfani da su, 1 zuwa 9. Daga 2010 aka koma haruffa: A 2010, B 2011, C 2012, haka har H 2017, sai a tsallake I a tafi J 2018, K 2019, L 2020, M 2021, N 2022, P 2023, R 2024. U da Z da 0 ba sa zama shekara. Da motar nan 2010 ce, A za ki gani a inda kika ga 8. Tsarin yana zagayowa duk bayan shekara 30, shi ya sa A ke nufin 1980 kuma take nufin 2010. Don a raba gardamar, a ƙananan motocin kasuwar Amurka ana duba gurbi na 7: in lamba ce, motar ta kafin 2010 ce, in harafi ne, daga 2010 zuwa sama. Ƙirga taki: 4, T, 1, B, E, 4, 6. Na bakwai 6 ne. Shaida ta biyu ke nan.

Ta uku tana cikin tsakiyar lambar, inda kamfani ke bayyana injin da irin jiki. BE46K alamar Camry ce ta 2007 zuwa 2009 mai injin lita 2.4 da giya biyar. Ta 2010 da 2011 mai silinda huɗu injinta lita 2.5 ne da giya shida, lambar wadda aka ƙera a Kentucky kuma da 4T1BF3EK take farawa. Kin ga ko da wani ya yi ƙarfin halin mayar da 8 ta koma A, sauran lambar za ta tona shi.

Sitikar ƙofa kuwa kada ta ruɗe ki. 10/07 watan da aka haɗa motar ne a masana'anta, Oktoban 2007. Kamfanoni suna fara fitar da samfurin sabuwar shekara tun a watannin ƙarshen wadda ta gabata, don haka motar da aka haɗa a Oktoban 2007 ta fito da lambar 2008 daidai ne. Abin da ba zai taɓa yiwuwa ba shi ne motar da aka gama haɗawa a 2007 ta zama 2010. Maganar "motocin ƙarshen shekara a cakuɗe suke" tana da tushe, amma iyakarta shekara ɗaya ce, ba uku ba.

To daga ina fuskar 2010 ta fito? Jikin Camry daga 2007 zuwa 2011 ɗaya ne. A 2010 aka sake mata bamba da ragar gaba da fitilu, kuma kayan suna hawa tsohuwar ba tare da wata wahala ba. Ana yin haka sosai. Wani don ƙawa yake yi, wani don ya sayar da tsada, wani kuma gaban motar ne ya ragargaje, da za a gyara sai aka sa na sabuwa. Na ukun nan shi ya fi damuna, ba shekarar ba. Shekara abu ne na ciniki, a rage kuɗi a wuce wurin. Bugun gaba kuwa abu ne na rai, tunda yara za ki ɗauka.

Idan kin koma ki tafi da tocila, kuma ki je da rana. Ki rubuta lambar gilashi a takarda da hannunki, sannan ki bi ta gurbi-gurbi da wadda ke sitikar ƙofa da wadda ke takardun motar. Kada ki duba uku na farko da uku na ƙarshe ki ce sun yi, duka 17 za ki bi. Ki dubi ƙaramin farantin da ke bayan gilashin da kyau: a kwance yake sumul ko ya ɗan lanƙwashe, akwai ƙarzuwa a gefensa, haruffan tsayinsu ɗaya? Ki shafa sitikar ƙofa da yatsa. Ta kamfani ba ta ɓarewa lafiya, yagewa take yi, don haka in kin ji gefenta ya ɗago ko kin ga alamar gam, an taɓa ta.

Daga nan ki nemi wasu ƙananan sitika masu ɗauke da lambar nan a gefen kowace ƙofa, da ƙarƙashin bonet, da saman fenda biyu na gaba, da murfin but, da bamba. Dokar hana satar mota ta Amurka ce ta kawo su, don ɓarawo ya kasa sayar da sassan mota ɗaya-ɗaya. Akwai motocin da aka ɗauke wa wannan doka, saboda haka rashinsu a duk jikin mota ba laifi ba ne. Amma in suna nan a ƙofofi huɗu, babu a bonet, to bonet ɗin ba nata ba ne. In kin ga sitika mai R da DOT, sashen sabo ne aka saya aka sa bayan motar ta bar masana'anta. A ƙarƙashin bonet kuma akwai wata sitikar da ke faɗin shekara da girman injin, ita ma ki karanta.

Na ƙarshe, ki nemi mai na'urar binciken mota ya jona ta a soket ɗin da ke ƙasan sitiyari. Mafi yawan motocin da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 2000 suna riƙe da lambarsu a ƙwaƙwalwar injin, na'urar za ta nuna ta. In ta saɓa da ta gilashi ba lalle sata ba ce, ana canza ƙwaƙwalwa in ta ƙone, amma dole mai mota ya yi bayani. Ki dawo ki faɗa mana abin da kika gani.

Direban Dogon Zango:

Baba ya yi bayani mai kyau, Allah ya ƙara basira. Amma Hajiya, a ganina ba sai kin sha wahalar leƙe-leƙen nan ba. Tunda ƙirar Amurka ce, ki sayi rahoton Carfax ko AutoCheck da lambar, nan take za ki ga masu ita nawa, ko ta yi haɗari, ko inshora ta taɓa yafe ta, da mil nawa ta ci a kowane lokaci. Akwai ma na kyauta. Shafin NHTSA yana fassara lambar, yana kuma nuna ko kamfani ya taɓa kiran motar don gyaran wani lahani ba a kai ta ba. NICB, ƙungiyar da ke yaƙi da satar mota da zambar inshora a Amurka, suna da VINCheck, yana nuna ko an ba da rahoton sace ta. Ki kuma rubuta lambar gaba ɗaya a Google. In ta taɓa bi ta gwanjon Copart ko IAA, sau da yawa hotunanta na ranar gwanjo suna nan, za ki gan ta yadda take kafin fenti. Ni duk motar da zan saya da rahoto nake farawa, in ya fito fes shi ke nan na biya.

Tsohon Bakanike:

Malam Direba, duk abin da ka lissafa gaskiya ne, kuma ina so ta yi su duka, musamman na Google ɗin nan. Hoton gwanjo ya fi kowane rahoto, domin yana nuna wane gefe aka buga da ko jakar iska ta fashe. Inda ban bi ka ba shi ne "in ya fito fes shi ke nan".

Rahoto tarihin lamba yake bayarwa, ba tarihin ƙarfen da ke gabanka ba. Masu satar mota sun daɗe da gane haka. Sai su nemi wata mota mai lafiya, irinta, shekararta, launinta, su kwafi lambarta, su buga faranti da sitika su manna wa ta sata. Ka shigar da lambar, rahoto ya fito tsaf, domin tarihin waccan motar ce da ke can tana yawo da mai ita. Wani lokacin kuma motar da ta ragargaje ake saya a gwanjo don lambarta da takardunta kawai, a yanke wurin da aka buga lambar a jikin ƙarfe a yi wa ta satar walda. Na taɓa ɗaga kafet ɗin wata mota a ƙarƙashin kujerar gaba, lambar tana nan ras, amma fentin da ke kewaye da ita ya fi na sauran wurin sheƙi. Da na sa hannu ta ƙasan motar sai na ji tudun walda ya zagaye wurin, kusurwa huɗu. Rahotonta ba shi da tabo ko ɗaya. Shi ya sa nake cewa a fara tabbatar da cewa lambar ta motar ce, sannan a tambayi kwamfuta labarin lambar. Wanda ya biya da rahoto kaɗai ya yi cinikin biri a sama.

Lambar da aka buga a ƙarfe tana da muhimmanci, na manta ban ambata ba a sama. Wasu motocin a bangon da ya raba injin da cikin mota take, wasu a daɓe a ƙarƙashin kujerar gaba ta dama, masu shasi daban irin su a-kori-kura kuma a jikin ƙarfen shasin kusa da tayar gaba. Littafin mota yana nuna wurin.

Sannan ko lambar ta gaske ce, rahoto abin da aka kai masa kaɗai ya sani. Wanda ya buga motarsa ya gyara da kuɗin aljihunsa, bai kira inshora ba, bai kira 'yan sanda ba, babu inda za a rubuta. Daga ranar da mota ta bar Amurka kuma rahoton ya tsaya, duk abin da ya same ta bayan nan ba ya ciki. Akwai kuma wankin takarda. A Amurka kowace jiha da dokarta kan takardar mallaka. Motar da aka buga wa takardarta tambarin salvage (ta lalace sosai) ko flood (ruwa ya shanye ta) a wata jiha, ana iya kai ta wata a sake mata rajista tambarin ya ɓace. Bayan guguwar Katrina a 2005 da Harvey a 2017 motoci masu ɗimbin yawa ruwa ya shanye, wasunsu kuma sun koma kasuwa. Gwamnatinsu ta kafa rumbun bayanan takardun mota na NMVTIS a ƙarƙashin ma'aikatar shari'a don toshe wannan ɓaraka, ya kuma taimaka, amma ni har yau ina jan bel ɗin kujera har ƙarshe in duba ko akwai layin laka, ina leƙa ramin tayar safiya, ina duba tsatsa a ƙusoshin kujera. Motar ruwa ta fi motar haɗari cin amana, domin wayoyinta a hankali suke ruɓewa.

Inda rahoto ba shi da na biyu shi ne mil. In ya nuna mota ta ci mil 180,000 shekara biyar da suka wuce, yau kuma agogonta yana nuna 95,000, ko an mayar da shi baya ko an canza agogon.

Maman Biyu:

Allah ya saka muku da alheri, Baba da Malam Direba. Na koma da ƙanina da wani mai na'ura. Lambar gilashi da ta ƙofa da ta takardu duk ɗaya ce, na'urar ma ita ta nuna. Ƙananan sitikar suna nan a ƙofofi huɗu da but da fendar ɓangaren direba. Babu a bamba, babu a bonet, babu a fendar dama. Mun sa lambar a Google ba mu ga hoton gwanjo ba. Da na nuna wa mai motar gurbi na 10 da na 7 yadda Baba ya bayyana, ya yi shiru, daga baya ya ce zai rage. Ban ba shi amsa ba tukuna.

Saura abu biyu. Ƙanina ya ce lambar da ke gurbi na 9 ana iya gane lambar bogi da ita, yaya ake yi? Sannan Baba, rashin sitikar nan a wurare uku, in ci gaba ko in haƙura?

Malamin Lissafi:

Malama, bari in ɗauki ta farkon, ta biyun ta Baba ce. Gurbi na 9 ba ya faɗin komai game da motar, sakamakon lissafi ne da aka yi da sauran 16. Wajibi ne a motocin kasuwar Arewacin Amurka da na Sin.

Kowane harafi yana da ƙima. A zuwa H su ne 1 zuwa 8. J, K, L, M, N su ne 1 zuwa 5, P 7, R 9. S zuwa Z su ne 2 zuwa 9. Lambobi kuwa ƙimarsu ita ce kansu. Kowane gurbi kuma yana da nauyinsa, a jere haka: 8, 7, 6, 5, 4, 3, 2, 10, 0, 9, 8, 7, 6, 5, 4, 3, 2. Sai ki ninka ƙimar kowane gurbi da nauyinsa, ki tara duka, ki raba da 11. Ragowar da ta saura ita ce ya kamata ki gani a gurbi na 9, in ragowar 10 ce a rubuta X. Don ki gwada hannu, ɗauki 1 guda 17 a jere: jimlar nauyin 89 ce, 11 sau 8 ya ba da 88, saura 1, ya yi daidai da gurbi na 9. In ba kya son biro da takarda, shafin NHTSA da Malam Direba ya ambata yana yin lissafin ya faɗa miki ko ya fita.

A taki, da wani ya mayar da 8 ta koma A, ƙimar gurbin za ta sauka daga 8 zuwa 1, bambanci 7, a ninka da nauyi 9 ya ba da 63. 63 ba ya rabuwa da 11, don haka lissafin zai ƙi fita. Amma yana da iyaka. 1 da A da J ƙimarsu ɗaya ce, haka 2 da B da K. Wanda ya mayar da A ta zama J, wato 2010 ta zama 2018, lissafin ba zai kama shi ba. Lambar da aka kwafa gaba ɗaya daga wata motar, irin wadda Baba ya ba da labari, ita ma za ta wuce sumul, tunda lamba ce ta gaske. An ƙirƙiro shi ne musamman don kama kuskuren rubutu. In ya ƙi fita a motar Amurka alama ce babba, in ya fita kuwa bai wanke motar ba.

Mai Jan Marsandi:

Kun tayar mini da hankali. Na fita yanzu na duba tawa, Marsandi C-Class ce da na saya ta hannu a matsayin 2005. Ta fara da WDB203, gurbi na 10 kuma 1 ne. Ke nan 2001 aka sayar mini? Na gwada lissafin Malam ma bai fita ba.

Tsohon Bakanike:

Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Taka ƙirar kasuwar Turai ce, kuma a can dokar ba ta tilasta shekara a gurbi na 10 ko lissafi a na 9 ba. Tsarin duniya na ISO 3779 ya tsayar da gurbi 17 ne, ya bar wa kamfani sarari a ciki. A Marsandin Turai, lambobi shida da ke bin WDB samfurin motar ne, 203 jikin C-Class na 2000 zuwa 2007, gurbi na 10 kuma gefen sitiyari yake faɗa: 1 hagu, 2 dama. Volkswagen ta Turai za ka ga ZZZ a tsakiya, cika gurbi ne kawai. BMW ta Turai da wasu Toyota da aka ƙera don can sau da yawa 0 ne a gurbi na 10. Motocin da aka yi don cikin gidan Japan ma ba su da gurbi 17 sam, sai lambar samfuri da ta jeri, kamar NZE121 sai ɗan layi sai lambobi bakwai. Irin waɗannan duka sai a kai lambar wurin wakilin kamfani ko a sa ta a kundin kayan gyara, ranar ƙira za ta fito. Kafin nan ka duba ɗan ƙyallen da ke ɗinke a ƙasan bel ɗin kujera, yawanci akwai kwanan wata a jiki, kuma ba ya yin nisa da ranar da aka haɗa motar.

Maman Biyu, labari mai daɗi shi ne lambar ta motar ce, wurare huɗu sun yarda da juna. Rashin sitika a bamba kaɗai da ban damu ba, wanda ya canza fuska dole ya canza bamba. Amma canza fuska ba ya buƙatar sabon bonet ko fenda. Bonet da fendar dama tare suna nuna an buge ta ta kusurwar gaba ta dama. Rashin hoton gwanjo bai kore wannan ba, yana iya yiwuwa bayan ta bar can abin ya faru.

Kada ki ba shi amsa sai an ɗaga motar sama. Ki nemi fanel bita wanda ba mai motar ne ya kawo shi ba, ya duba ƙafafun shasi biyu da ke bayan bamba, ya gwada ta dama da ta hagu: akwai lanƙwasa, akwai alamar zafin wuta, akwai walda ko bodi fila? Ya duba ƙarfen da ke riƙe da lagireto da mazaunin shokozoba na dama. Ki dubi tayoyin gaba ko ɗaya tana cin gefe. Ki kunna mukulli ba tare da tayar da injin ba, fitilar jakar iska ta kama ta ɗan jima sannan ta mutu da kanta. In ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwanta ne don ɓoye laifi, sai mai na'ura ya shiga ɓangaren jakar iska ya tabbatar suna nan kuma a jone suke. In ƙafafun shasi lafiya lau suke, jakunkunan iska suna nan, to bugun fata ne, ki saya da kuɗin 2008 wadda aka yi wa gyaran gaba, kuma a rubuta 2008 da cikakkiyar lambar a takardar ciniki. In an taɓa ƙafar shasi ko jakar iska babu, ki bar masa ita komai ragin da ya yi.